Haɗarin da Ke Cin Yara: Darasi daga Ƙasar Bangaladesh

Idan ana maganar abin da ke kashe yara, hankalinmu yakan tafi ga zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda da gudawa. Ba kasafai mukan tuna da haɗari ba, alhali shi ne ke ɗauke yaro lafiyayye cikin minti kaɗan.

A watan Disamba 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da rahoto a kan wannan matsala. Rahoton ya nuna cewa yara wajen 830,000 ke mutuwa kowace shekara ta hanyar haɗari, wato fiye da 2,000 a kowace rana. Kashi 95 cikin 100 na waɗannan yara 'yan ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin arziki. Manyan hanyoyin su ne:

1. Haɗarin hanya, 260,000
2. Nutsewa a ruwa, 175,000
3. Ƙuna, 96,000
4. Faɗuwa, 47,000
5. Shan guba, 45,000

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma masu bincike sun gano cewa haɗari yana da wurin da ya saba faruwa, da lokacinsa, da irin yaran da yake ci. Abin da aka san hanyarsa kuwa, ana iya tare shi. Bari mu dubi misali ɗaya.

Bangaladesh ƙasa ce mai yawan koguna da tafkuna. A ƙauye, da wuya a sami gidan da ba kududdufi kusa da shi. Binciken da aka yi a 2003 ya nuna cewa ruwa na cin yara kimanin 17,000 a shekara. Da aka bi diddigi, sai aka ga yawancinsu 'yan shekara 1 zuwa 4 ne, kuma sukan faɗa ruwa 'yan taku kaɗan daga gida, tsakanin ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 1 na rana. Wannan ne lokacin da uwa take fama da girki da wanki, uba yana gona, yayye suna makaranta.

Sai aka yi abu biyu. Na farko, aka buɗe gidajen reno a ƙauyuka, inda wata mace da aka koyar take tara ƙananan yaran unguwa tana lura da su a daidai waɗannan awoyi. Na biyu, aka kafa dandamalin gora cikin tafki, aka riƙa koya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 12 iyo, har yaro ya iya iyon mita 25, ya kuma san yadda zai miƙa wa ɗan'uwansa sanda ba tare da ya shiga ruwan ba. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa mutuwa a ruwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran gidajen renon, ta kuma ragu fiye da haka ga waɗanda suka koyi iyo. Ba a gina asibiti ba, ba a sayi magani ba. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don faɗakarwa a kan nutsewa a ruwa.

Me za mu koya? Mu ma muna da rijiya marar murfi, da ramin da aka haƙi ƙasar gini wanda ke cika da damina, da bokitin wanki a tsakar gida. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa cikin ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma ba ya samun damar yin ihu. Cewa “kada ka je can” ba ta isa ga ɗan shekara biyu. Dole a rufe rijiya, a kife bokiti, a kuma san babban da ke lura da shi. Yarinya 'yar shekara shida ba ta isa reno ba.

Haka yake ga sauran haɗurran. Kada mu zuba kananzir ko maganin ƙwari cikin kwalbar lemo. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin kananzir na iya shiga huhu. A kai shi asibiti nan da nan. Idan ya ƙone, a riƙa zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ban da ƙwai ko man goge baki. A kan babur kuwa, hular kwano wajibi ce ga yaro kamar yadda take ga babba.

Ɗalibai, ga aikin hutu. Kowannenmu ya durƙusa daidai tsawon ƙaninsa, ya zagaya gida, ya rubuta abu biyar da hannun yaro zai iya kaiwa: murhu, wuƙa, magani, wayar lantarki, ruwa. Sa'an nan ya nuna wa Baba da Mama, a gyara tun kafin a koma makaranta. Rigakafi ya fi magani.