Tsaron Lafiyar Dabbar Turka

Duk shekara, idan Babbar Sallah ta rage wata uku ko huɗu, sai ka ga an kakkafa turaku a gidaje, birni da ƙauye. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗaure rago ɗaya ko biyu, mai hali ya tara bijimai goma ko ashirin. Mata ma a cikin gida da yawa da kuɗin adashe suke sayen ɗan rago, su yi ta hidimarsa da dusa da ruwan tsari har ya zama abin kallo. Sana'a ce mai albarka, amma kuma kowace shekara akwai masu binne jarinsu a bayan gari.

Abin da wannan takarda take son jawo hankalin jama'a a kai shi ne, yawancin wannan asara tana da dalili, kuma dalilin a hannunmu yake. Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma Allah ya ba mu hankali. Ko dai mutum ya sayo cutar da kuɗinsa daga kara, ko kuwa ya haddasa ta da kansa wajen ba da abinci da magani. Dabbar da ke kiwo a daji tana zaɓen abin da za ta ci, ta nemi inuwa, ta kauce wa wuri mai laka. Dabbar turke ba ta da wannan dama. Abin da ka zuba mata shi za ta ci, inda ka ɗaure ta nan za ta kwana, saboda haka haƙƙinta duka yana wuyanka.

A cikin kara

In ka shiga kara, ko ta Wudil ce ko ta Maigatari ko ta Potiskum, kada ka fara da taɓa dabba. Tsaya daga nesa tukuna ka kalle ta. Mai lafiya tana tuƙa, kunnuwanta na motsi, tana korar ƙuda da wutsiya. Wadda ta ware gefe guda, ta sunkuyar da kai, gashinta ya mimmiƙe, bar ta ko da an yi maka araha. Sa'an nan ka matsa. Hancin sa mai lafiya yana da danshi. In ya bushe ya tsattsage, akwai zazzaɓi. Ja fatar idon rago ta ƙasa da ɗan yatsa: in cikinta ja ne, jininsa cikakke ne, in kuwa fari ne fat, tsutsar ciki ta shanye shi. Ɗaga wutsiya ka ga ko akwai alamar zawo. Buɗe baki ka duba ko akwai gyambo a dasashi ko harshe. Daga nan ka ce a ja dabbar ta yi tafiya a gabanka, don gurguwa tana iya ɓoye ɗingishinta muddin tana tsaye.

Haƙora su ne takardar haihuwar dabba. Sa yakan fitar da manyan haƙora biyu na farko yana da kimanin shekara biyu, rago kuwa bayan ya shekara ɗaya. Wanda haƙoransa suka cinye suka yi giɓi tsoho ne, zai ci maka abinci ne kawai. Dillali zai ce maka, “Alhaji, lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai ta rame shi.” Wani lokaci gaskiya ya faɗa, kuma ramammen da yunwa ta kama, mai dogon jiki da faɗin ƙirji, shi ne ma ya fi riba a turka. Amma dillali la'adarsa yake nema, kai kuwa kai za ka kwana da dabbar.

Baƙuwar dabba a ware ta

Kara mahaɗa ce. Dabbobi daga Nijar da Chadi da Kamaru da ko'ina cikin ƙasar nan suna haɗuwa a wuri ɗaya, su sha ruwa a kwatarniya ɗaya, su shiga mota ɗaya. Dabba tana iya ɗaukar cuta yau, alamar ba ta fito ba sai bayan kwanaki. Don haka duk wadda ka sayo, ɗaure ta nesa da na gida har mako biyu zuwa uku, da mazubin abincinta da na ruwanta dabam.

Cututtukan da ake tsoro a nan sanannu ne. Akwai ciwon huhu na shanu, wanda ke yaɗuwa ta numfashi: sa zai miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba, yana tari yana nishi. Mugun abin shi ne wanda ya warke yana iya ci gaba da ɗauke da cutar yana rarraba ta. Akwai boru, mai sa ƙuraje a baki da tsakanin kofato, dabba ta yi ta dalalar da miyau ta kasa cin abinci. Ba ya cika kashe manya, amma yana zubar da ƙibar wata biyu cikin mako guda. A tumaki da awaki kuma akwai annobar da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da majina da kwantsa da gyambon baki da zawo, wadda kan share garke kaf.

Duk waɗannan suna da allurar rigakafi. Masu shakka su tambayi dattawan makiyaya labarin cutar bushiya. Ta karkashe shanun Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, ta sake dawowa ƙasar nan da ƙarfi a 1983 ta mai da masu garke matalauta. Rigakafi ne ya kawar da ita, har a 2011 aka ba da sanarwar cewa babu sauranta a duniya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa irin waɗannan allurai, kuma yanzu ƙasashen duniya sun ɗaura niyyar kawar da PPR kafin ƙarshen 2030. Sai dai a lura, rigakafi dabba mai lafiya ake yi wa, kuma yakan ɗauki kamar mako biyu kafin ya fara kare ta. Ba ya jure zafi. Wanda ya zo maka da kwalbar rigakafi a aljihun riga ba cikin akwatin ƙanƙara ba, ruwa kawai zai tsira wa dabbarka.

Cikin kwanakin nan na warewa ne ake ba da maganin tsutsar ciki, gwargwadon nauyin dabba, ba da ka ba. Wadda ta fito daga fadama a haɗa mata da na ciwon hanta. A duba kaska a kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiya, a yi wanka da maganin da aka yi domin dabbobi. Maganin feshin gona da fiya-fiya guba ne, suna shiga ta fata, sun kashe dabbobi da yawa.

Dusa abokiya ce, amma tana kisa

A nan ne akasarin masu turka ke yin kuskure, kuma don ƙaunar dabbar suke yinsa. A cikin tumbin sa da rago akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa. Dabbar da ta saba da ciyawa da kara, in aka cika mata kwano da dusa ko hatsi rana ɗaya, sai abincin ya yi tsami a tumbi fiye da kima, waɗannan halittu su mutu. Da yamma ka bar rago yana ci da marmari, da safe ka tarar ya daina tuƙa, kwiɓinsa na hagu ya kumbura kamar ganga, yana cizon haƙora, kashinsa ruwa-ruwa mai wari. Mutane sai su ce kambun baka ne ko sammu, alhali kwanon dusa ne. Haka abin yake ga ragon da ya kwance ya faɗa wa buhun masara, ko wanda aka juye wa ragowar tuwo da shinkafar biki.

Hanyar da ta dace ita ce a fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Kullum a fara ba da harawa ko busasshiyar ciyawa kafin dusa, kuma a raba dusar safe da yamma. Ko turka ta yi nisa kada a yanke harawa, domin tuƙa ita ke kawo miyau, miyau kuwa shi ke rage tsamin tumbi. Angurya da ƙuliƙuli da kowar wake suna gina jiki, amma su ma a hankali ake shigo da su. In kumburi ya faru, a ɗauke dusa nan take, a tayar da dabbar ta yi tafiya, a ba ta ɗan man gyaɗa, a aika a kira likita. Wajen ɗura a bi a hankali, kada a ja harshe, kada a ɗaga kai sama da yawa. Abin da ya sarƙe dabba ya shiga huhu yakan fi ciwon farko haɗari.

Akwai wata cuta ta ragunan turka da ba kowa ya san tushenta ba, wato toshewar fitsari. Rago mai cin dusa zalla, ba harawa sosai, ba ya samun isasshen ruwa, sai tsakuwa ta taru a mafitsararsa ta toshe hanya. Za ka ga yana yunƙuri, yana kaɗa wutsiya, yana harbin ciki, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko ya tsaya cak. In aka bar shi kwana biyu ko uku mafitsara tana iya fashewa. Kariyarsa ruwa ne a gabansa dare da rana, da gishirin lasa don ya ji ƙishirwa ya sha, da harawar wake ko ta gyaɗa. Kanwa tana da amfani, amma kada a cika ta. Babban sa a lokacin bazara yana iya shanye jarka biyu a yini, wanda ke ba shi bokiti ɗaya da safe kuwa kada ya yi mamaki in bai yi ƙiba ba.

A tsince leda da igiyar buhu da ƙusa da waya daga cikin abinci. Mahauta shaida ne, sukan ciro dunƙulen leda mai nauyi daga tumbin dabbar da mai ita ya gaji da yi mata allura. Dusar da ta yi fumfuna a zubar da ita. Gyauron dawa ɗanye yana kashe dabba cikin ɗan lokaci, haka ma takin yuriya in ta lasa, don haka a ɓoye buhunsa.

Wurin turka kuma ya kasance da rumfa, iska na shiga, ƙasa ta ɗan gangara don fitsari ya wuce. A kwashe kashi kullum, taki ne mai kuɗi. Dabbar da ke tsaye cikin caɓi da damina kofatonta ruɓewa yake yi.

Batun allura

Yau an wayi gari kowane mai turka likitan kansa ne. A ranar kasuwa za ka ga an baje kwalabe a kan tabarma cikin rana, wasu sun daɗe da lalacewa, wasu jabu ne. Dabba ta ƙi cin abinci, sai a ce “a yi mata allurar mai”, ba a san abin da ke damunta ba. Maganin sammore irin su Berenil da Samorin an yi su ne don cutar da ƙudan tsando ke kawowa, ba abin ƙara ƙiba ba ne, kuma in aka wuce ƙa'ida suna cutarwa. Wasu har ƙwayoyin sa kumburi na mutane suke ba raguna gab da Sallah. Wannan ha'inci ne, mai saye zai biya kuɗin nama ya sami ruwa. Allura ɗaya da ake bi da ita daga dabba zuwa dabba ita ma hanyar yaɗa cuta ce.

Illar ba ta tsaya kan dabba ba. Kowane magani yana da adadin kwanakin da sai sun cika kafin a yanka dabbar ko a sha madararta, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Na wasu alluran yakan kai mako uku ko huɗu, ko ma fiye. Wanda ya yi wa rago allura yau ya kai shi kara gobe, ya ciyar da iyalin wani ragowar magani. Yawan amfani da waɗannan magunguna barkatai kuma yana sa ƙwayoyin cuta su saba da su, har a zo lokacin da ɗan mutum zai kwanta a asibiti magani ya ƙi ci. A sayi magani a shagon da aka sani, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a bar likitan dabbobi ko ma'aikacinsa ya faɗi abin da za a bayar. A rubuta ranar da aka yi kowace allura, ko da gawayi ne a bangon rumfa. Mai niyyar sayarwa don layya ya tuna kuma cewa malamai sun yi bayani, dabbar da ciwonta ya bayyana, ko gurguntarta, ko ramarta, ba ta isar wa layya.

In dabba ta faɗi farat ɗaya

Al'adarmu ce in dabba ta jigata a yi maza a kawo wuƙa kada ta yi mushe. Akwai inda wannan ke jawo bala'i. Dabbar da ta kwana lafiya ta faɗi ba zato, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, cikinta ya kumbura da wuri, ana zargin ciwon saifa ne. Yana kama mutum ta hanyar fiɗa, da taɓa fata, da cin naman. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja. Irin wannan dabba ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, domin in jinin ya zuba ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasar wurin shekaru masu yawa. A rufe gawar, a hana yara da karnuka zuwa kusa, a ɗauke sauran dabbobi daga wurin, a sanar da mai unguwa da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Su za su nuna yadda za a ƙone ta ko a binne ta cikin rami mai zurfin kamar mita biyu, nesa da rijiya, sa'an nan su yi wa dabbobin unguwar rigakafi.