Hana Shan Taba Cikin Jama'a: An Zalunci Mai Sha?

Ya mai karatu, a ce ka shiga motar haya daga Maraɗi za ka Damagaram. Ga matsi, ga zafi, ga wata mace da jariri a cinya. Sai wani ya kunna sigari. Da aka yi masa magana ya ce, "Kuɗina ne, ƙirjina ne." Yana da gaskiya?

Kuɗin nasa ne, amma iskar motar ta kowa ce. A shekara ta 2006 Nijar ta kafa dokar hana shan taba a wuraren jama'a, har da motocin haya. Gama hayaƙin taba yana ɗauke da guba iri iri, wajen 70 a cikinsu suna kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara fiye da mutum miliyan 1 suna mutuwa saboda hayaƙin tabar da wani ya sha.

Kada mu rena mai shan taba. Nikotin da ke cikin ganyen yakan kama mutum kamar tarko, doguwar tafiya babu sigari kuwa wahala ce gare shi ƙwarai. Duk da haka yana iya haƙuri har mota ta tsaya. Jaririn fa? Ba ya iya dakatar da numfashi.

Amma jandarma ba ya shiga ɗakin kwana. Maigida, in ka rufe ƙofa lokacin ɗari kana busa hayaƙi, 'ya'yanka suna sha tare da kai, tari da ciwon huhu su biyo baya.

Ku karanta Romawa 13:10 tare. A gidanku, wane ne maƙwabcin da ya fi kusa da mai shan taba?