Darasi: Tsayawa takarar kansila domin hidimar jama'a

A cikin ƙungiyoyinmu na adashi, na manoma da na mata, akwai mutanen da jama'a suka riga suka shaida amincinsu. Sun riƙe kuɗin ƙungiya ba a taɓa jin kansu ba, sun sasanta rigingimu, sun bi sawun gyaran rijiya har aka gama. Idan zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, irin waɗannan ne akan ce wa, "Ka fito mana," ko "Ki fito mana." Wannan darasi domin su ne, da kuma domin mu da za mu jefa ƙuri'a. Za mu duba abubuwa huɗu da suka fi damun gidajenmu, wato tsadar rayuwa, ilimi, wurin zama da tsaro, mu ga abin da yake hannun kansila da shugaban ƙaramar hukuma a kan kowane ɗaya. Zai yi kyau a karanta shi tare a taron ƙungiya, a kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Mu fara sanin kujerar

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace kuwa an raba ta mazaɓu, kowace mazaɓa da kansilanta. Tsarin ya samo asali daga gyaran da aka yi a shekarar 1976. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu. A ciki akwai kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, hanyoyin cikin gari, magudanun ruwa, fitilun titi, kwashe shara, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da rajistar haihuwa, mutuwa da aure. Suna kuma haɗa hannu da jiha a kan makarantun firamare, ilimin manya, koyon sana'a, noma da kiwon lafiya.

Shugaba ne yake zartar da ayyuka. Kansiloli kuwa su ne majalisa: suna amincewa da kasafin kuɗi, suna yin dokokin ƙaramar hukuma, suna kuma bin diddigin yadda aka kashe kuɗi. Kansila murya ɗaya ce cikin majalisa, saboda haka tilas ya iya jawo ra'ayin sauran abokan aikinsa.

Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni da dama kuma suna naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce mulkin kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa har cikin 2025. Duk mai niyyar takara ya kamata ya bincika yadda abin yake a jiharsa kafin ya buɗe baki ya yi alkawari.

Tsadar rayuwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da farashin abinci suka hau. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma yawancinmu manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, ba ma jiran albashi. Kansila ba shi da iko a kan farashin mai ko darajar naira. Wanda ya ce zai sauko da farashin buhun masara idan an zaɓe shi, yana faɗin abin da ya fi ƙarfinsa.

Amma bari mu bi mudun wake daga gona zuwa tukunya. Hanyar ƙauye ta lalace, kwalbati ya rufta, sai direba ya ninka kuɗin kaya. A bakin kasuwa an karɓi kuɗi, a tasha an karɓa, a rumfa an sake karɓa, wani lokaci ma ba rasit. Dukan wannan mai saye ne yake biya a ƙarshe. Waɗannan kuwa suna cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ɗan takara zai iya yin alkawarin neman a rubuta adadin kowane haraji a allo a ƙofar kasuwa, a hana karɓar kuɗi ba rasit, a raba rumfuna a fili domin gwauraye mata da matasa su samu, a kuma sa gyaran hanyar da ake fito da amfanin gona cikin kasafin kuɗi. Haka nan idan taki ko kayan tallafi suka zo, zai iya tsayawa a karanta sunayen waɗanda suka samu a gaban jama'a.

Ilimi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, kyauta ne kuma dole. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce take da babban iko, a kowace ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi a ƙarƙashin sakataren ilimi. Duk da haka mun san makarantun da rufinsu ya yaye, yara suna zaune a ƙasa, malami ɗaya yana fama da aji biyu ko uku.

Mai neman kujera ya zaga kowace makarantar firamare a mazaɓarsa da littafi a hannu. Yara nawa ne a rajista, nawa suke zuwa? Malamai nawa aka turo, nawa ake gani a aji? Akwai ruwan sha? Akwai makewayi dabam domin 'yan mata? Rashinsa yana cikin abubuwan da suke sa yarinya ta daina zuwa makaranta idan ta fara girma. Ya zauna da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Wanda ya shiga ofishin sakataren ilimi da lissafi a rubuce ya fi samun kunne a kan wanda ya je da ƙorafi kawai.

Wurin zama

Ƙaramar hukuma ba ta cika samun kuɗin gina rukunin gidaje ba, kansila kuma ba zai iya yanka wa masu gidaje kuɗin haya shi kaɗai ba. Amma akwai inda hannunsa yake kaiwa. Bisa dokar filaye ta 1978, filayen cikin birni suna hannun gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma ce take ba da takardar mallaka ta gargajiya. Iyalai da yawa sun rasa gona ko fili domin ba su da takarda, musamman matan da mazansu suka rasu da marayu. Wayar da kan jama'a a kan wannan, da neman a sauƙaƙa kuɗin takardar, hidima ce babba.

Sai kuma ruwa. Ambaliyar Maiduguri a Satumba 2024 da ta Mokwa a Mayu 2025 sun nuna mana yadda gida yake tafiya cikin dare ɗaya. Irin wannan babbar masifa ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Amma ginin ƙasa da yake faɗuwa kowace damina a unguwanninmu sau da yawa lambatu ne ya toshe da leda, ko an yanka fuloti a kan hanyar ruwa. Yashe magudanu kafin ruwan fari, da ware wurin zuba shara, suna ceton ɗakuna da rayuka da kuɗi kaɗan.

Tsaro

A nan ne aka fi yin alkawarin da ba a cikawa. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda ta ƙasa, kansila kuwa ba ya ba ta umarni. Rundunonin sa-kai da aka ƙaddamar a Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 ma na gwamnatocin jihohi ne. Abin da kansila zai iya shi ne haɗa mutane. Ya sa a riƙa zama a kai a kai tsakanin baturen 'yan sanda, dagaci, masu unguwa, shugabannin addini, ardo, mata da matasa, tun kafin wani abu ya faru. Ya nemi a san sunan kowane ɗan sintiri, a kuma tabbata suna miƙa wanda suka kama ga hukuma, ba sa yanke hukunci da hannunsu. Ya matsa a gyara fitilun titi, a kuma shata burtali da wurin shayar da dabbobi kafin shuka.

Yaƙin neman zaɓen kansa ma batun tsaro ne. A Nuwamba 2008 rikici ya ɓarke bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, aka ƙone gidaje da wuraren ibada na kowane ɓangare. Kujerar ƙaramar hukuma ce ta zama sanadi. Ɗan takarar da yake neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila, ko yake saya wa samari ƙwaya su bi shi da makamai, ya riga ya karya alkawarin tsaro tun bai hau kujera ba.

Kafin a sayi fom

Hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya wannan zaɓe, ban da Abuja inda hukumar zaɓe ta ƙasa take yi. Shekarun takara, takardun makaranta, kuɗin fom da tsawon wa'adi sun bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka a je ofishinsu a nemi ƙa'idojin a rubuce. Ana bukatar katin zaɓe, da jam'iyyar da za ta tsayar da mutum.

• A fara da shawarar iyali. Takara tana cin lokaci da kuɗi, tana kuma jawo zagi.
• Kada a sayar da gona ko a ci bashi mai ruwa. Ana iya faɗuwa, yara kuma za su ci abinci washegari.
• A yi hankali da ubangidan da zai biya komai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Gudummawar mutane da yawa, kaɗan-kaɗan, a rubuce, ta fi barin mutum da 'yancinsa.
• Kada a taɓa kuɗin ƙungiya. Membobinmu suna cikin jam'iyyu dabam-dabam, ƙungiya kuma ta kowa ce.
• A zaɓi alkawari uku ko huɗu da za a iya auna su, a rubuta, a raba. Alkawari kaya ne.
• A nemi sanin kuɗin da ke shigowa. Ana buga kason kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya wata-wata, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce.

Mu masu zaɓe ma muna da namu nauyin. Idan muka karɓi taliya da atamfa a ranar zaɓe, da wane baki za mu tambayi rufin makaranta? Idan kuma muka mai da kansila wurin neman kuɗin suna da na biki kowace safiya, mu ne muke tura shi ya taɓa abin da ba nasa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ne kansilan mazaɓarmu? Yaushe ya zauna da mu na ƙarshe, me muka tambaye shi?
2. Haraji iri nawa mai sayar da hatsi yake biya a kasuwarmu? Nawa ne suke da rasit?
3. Cikin abubuwa huɗun nan, wanne ya fi gaggawa a wurinmu? Maza da mata da matasa su amsa dabam, sa'an nan a gwada amsoshin.
4. Me yake hana mata masu aminci fitowa takara a yankinmu? Ta yaya za mu tallafa musu?
5. Me za mu yi idan wani ɗan takara ya fara raba mu da maƙwabtanmu?

Abin yi

A zaɓi mutum huɗu, maza biyu mata biyu, su zaga makarantu, kasuwa da magudanun mazaɓa cikin mako biyu, su kawo rahoto a taro na gaba. Daga nan a gayyaci dukan 'yan takara, na kowace jam'iyya, zuwa zama ɗaya a fili, a yi musu tambayoyi iri ɗaya. Magatakardan ƙungiya ya rubuta amsoshinsu a littafi, a ajiye, domin a sake karanta su a gaban wanda ya ci bayan shekara guda.