Da Tsohuwar Zuma A Kan Yi Magani

'Yan'uwa ɗalibai, darasin da zan kawo muku a wannan fitowa ba a cikin aji na koye shi ba. Na koye shi ne a gaban wata tsohuwar kwamfuta wadda mai ita ya riga ya fid da rai da ita. Na ga ya kamata in rubuta, domin ko wanda bai damu da wasa ba zai sami abin ƙullawa a bakin rigarsa game da aikin koyarwa.

Ni mutumin Sabo ne, watau unguwar Hausawa ta Ibadan, garin da iyayenmu ke kira Badun. An kafa unguwar a 1916, kakanninmu kuwa fataucin goro da shanu ne ya kai su can. Tun ina yaro na saba ganin dattawa suna dara da la'asar, a gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Amma darar da na ke magana a kanta ita ce wadda a ke kira ces, mai gidaje 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. Mutane suna ce mata darar Turawa, alhali asalinta daga Hindu ne, ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta shiga Turai. Ni da yarana mun sa wa 'ya'yanta sunaye da Hausa: sarki, da waziri, da hasumiya, da giwa, da doki, da dakare.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, sai na sami wata makarantar firamare a unguwarmu. Na gaya wa hedimasta ina so in riƙa koya wa yara ces bayan an tashi, domin na ji labarin Tunde Onakoya, wanda ya fara koya wa yaran talakawa wasan a Ikko a 2018, har a 2024 ya yi sa'a 60 yana bugawa a birnin New York. Hedimasta ya ce, "Malam, na ba ka wata biyu. In yaran sun tsaya, mu ci gaba. In sun watse, ɗakin ya koma wurin ajiye tsintsiya." Yara 14 suka rubuta suna.

To, nan fa na yi kuskuren da ya kusa rushe aikin. Ni kaina ban ƙware ba, ba ni kuma da abokin karawa kusa. Sai na ɗauko waya mai ɗauke da Stockfish, na ce yara su riƙa gwadawa da ita. Ta yi ta kada mu, safe da yamma, ba mu ko gane inda dara ta ci gida ba. Da na rage mata ƙarfi, sai ta riƙa wasa kamar gwani, can kuma ta jefar da dokinta haka kawai ba dalili. In an ci ta ba a san abin da aka yi daidai ba, in ta ci ba a san inda aka ɓata ba. Kafin mako uku yara 6 sun daina zuwa. Wani ya gaya mini a fili, "Malam, wannan ai aljani ne, ba a cinsa."

Yaron bai yi ƙarya ƙwarai ba. Akwai ma'aunin da a ke auna ƙarfin 'yan ces da shi. Magnus Carlsen na ƙasar Norway, wanda ba a taɓa samun mutumin da ya wuce shi a ma'aunin ba, ya tsaya a 2882 a 2014. Stockfish kuwa ta haura 3500. Ai ba a fara koya wa yaro dambe da karawa da Shago.

Ana nan, ran nan na je shagon kawuna, sai na ga wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur ta sha ƙura. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Ɗauke ta, ɗan nan, ka rage mini kaya." Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya tashe ta, ya sa mata DOSBox, watau manhajar da ke sa kwamfutar yau ta karɓi wasannin zamanin da. A ciki muka zuba tsofaffin manhajojin ces guda uku: Battle Chess, da Chessmaster 2000, da Fritz na farko.

Kafin in faɗi yadda muka yi da su, bari in ɗan ba ku tarihinsu. A 1950 wani masani a Amurka, Claude Shannon, ya bayyana yadda inji zai iya buga ces. A 1952 Alan Turing na Ingila ya gwada tsarinsa, amma da ya ke babu injin da zai ɗauka, shi da kansa ya riƙa yin lissafin a takarda, kowane taku wajen rabin sa'a, aka kuma cinye shi. A 1974 aka yi gasar duniya ta farko tsakanin injuna a Stockholm, Kaissa ta Rasha ta ci. A 1976 Peter Jennings na Kanada ya fito da Microchess, wadda ta shiga wurin ajiyar da bai fi na haruffa dubu ɗaya da 'yan kai ba. Sargon ta biyo a 1978, Chessmaster 2000 a 1986, Battle Chess a 1988, Fritz a 1991. Sa'an nan a watan Mayu na 1997 injin Deep Blue na kamfanin IBM, mai duba wajen matsayi miliyan 200 a daƙiƙa guda, ya kada zakaran duniya Garry Kasparov. Watau tsakanin 1976 da 1997 akwai tsani mai matakai da yawa, tun daga injin da yaro zai iya ci har zuwa wanda ya gagari zakara. Wannan tsani shi ne amfaninmu.

Me ya sa tsohon inji ya fi kyau ga mai koyo? Dalilin yana cikin lissafi, ku bi ni a hankali. A tsakiyar wasa ɗan wasa ya kan sami wajen taku 30 da zai zaɓa. In inji zai duba takunsa da amsar abokin karawa, 30 sau 30 ke nan, watau 900. In ya ƙara taku ɗaya, 27,000. In ya ƙara wani, 810,000. Tsohon inji ba shi da saurin da zai wuce taku kaɗan, saboda haka ganinsa yana da iyaka, kamar mai tafiya da fitilar ƙwai cikin dare. Abin da ke cikin hasken fitilarsa ba ya kuskure shi ko kusa. Abin da ke bayan hasken kuwa, a wurinsa babu shi. Ban da wannan, yawancin hukuncinsa a kan ƙidaya ne: dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, waziri 9. Shi ya sa ya ke da kwaɗayi. In ka miƙa masa dakare ya kan hadiye, ko da akwai ƙugiya a ciki, muddin ƙugiyar tana bayan haske.

Kun ga bambancin ke nan. Sabon injin da aka rage wa ƙarfi yana yin kuskure ne da gangan, don a bar ka ka ci. Tsohon inji kuwa iyakar ƙoƙarinsa ya ke yi, kuskurensa yana da dalili, duk abin da ke da dalili kuwa ana iya koyonsa.

Ga yadda muka tsara aikin, in wani yana so ya gwada.

Na farko, a zaɓi abokin karawa daidai wa daida. Mun fara da Battle Chess a matakinta na ƙasa, domin ba ta da ƙarfi, yara kuma suna son ganin 'ya'yan suna faɗa a fuskar allo. Ƙa'idarmu ita ce, in mutum ya ci 6 cikin wasa 10, ya hau mataki na gaba. In bai ci ko 2 ba, ya sauka. A lura, tsohuwar manhaja a kan sabuwar kwamfuta ta kan ƙara ƙarfi saboda saurin injin, don haka sai a rage saurin DOSBox, ko a rage mata lokacin tunani.

Na biyu, a kafa allon katako a gefe, a riƙa tunani a kansa, sa'an nan a shigar da taku cikin kwamfuta. Ran da za a kara da mutum, a kan katako za a kara.

Na uku, ba a janye taku. Manhajojin nan suna da maɓallin komawa baya, mun haramta shi. Wanda ya saba janyewa ba zai saba dubawa kafin ya taɓa ba.

Na huɗu, a rubuta kowane taku a littafi. Nan ne na kama kaina. Da na duba wasanni 8 da Chessmaster 2000 ta ci ni, sai na ga a 5 daga ciki abu ɗaya ne ya faru: ina riƙe da baƙaƙe, farin doki ya faɗo gidan c7, ya tsare sarkina a e8, ya kuma auna hasumiyata a a8. Dole in kawar da sarki, hasumiya ta tafi. Ba don rubutu ba, da har yau ina cewa rashin sa'a ne.

Na biyar, bayan wasa sai mutum ya nemi kuskurensa da kansa, ya sa alama. Bayan haka ne kaɗai a ke ɗauko Stockfish ta duba. Karen bana shi ke maganin zomon bana, gaskiya ne, amma aikinsa a nan na mai duba jarrabawa ne.

Kada kuma in yabi zuma in ɓoye harbin ƙudanta. Tsofaffin injunan nan suna da aibu. Su kan maimaita taku iri ɗaya, har wani yarona ya haddace hanya guda ya riƙa cin inji da ita kullum, yana murna, alhali bai ƙaru da kome ba. Maganinsa a sake buɗin wasa, a kuma sake launi. Su kan raunana a ƙarshen wasa, sa'ad da ya rage sarki da dakaru, domin wurin yana bukatar dogon shiri, saboda haka kada a kwaikwayi yadda su ke buga shi. Har wa yau inji ba ya tsoro, ba ya gajiya, ba ya ɗana maka tarko don ya ga ka ruɗe. Mutum kuwa yana yin duk waɗannan. Don haka a kowane mako mu kan ware rana ɗaya yara su kara da junansu.

Yaran da suka rage su 8 ne. Ran da ƙaramarsu, 'yar aji biyar, ta ci Battle Chess, ta fita da gudu tana shela, washegari biyu daga cikin waɗanda suka gudu suka dawo. Da wata biyu ya cika, hedimasta ya leƙo ya ƙidaya kawuna 10, ya ce tsintsiya ta nemi wani ɗaki. Fritz kuwa har yanzu ba wanda ya ci ta a cikinmu, har ni malaminsu, amma yanzu in ta ci ni na kan san inda na faɗi.

To, 'yan'uwa, gobe za a danƙa mana azuzuwa. Yaro ba ya gudun wuya, abin da ya ke gudu shi ne wuyar da bai ga ƙofarta ba. In za ku ba shi lissafi ko karatu, ku auna ƙarfinsa, ku ba shi abin da ya ɗara shi kaɗan, ku sa ya rubuta kuskurensa ya nemi dalili. Wanda kuma ya ga tsohuwar kwamfuta an jefar a ofis ko a gida, kada ya raina ta. Ya zo ya same ni bayan cin abincin yamma in nuna masa yadda a ke tashinta, mu kuma buga ɗaya.

Allah ya sa mu dace.