Darasi: Auna Abin da Yaro Yake Iyawa

Akwai yaran da ake haifa da jinkirin hankali. Wannan ba aikin aljanu ba ne, ba kuwa laifin uwa ba. A 1959 likitoci a Faransa suka gano dalilin iri guda, wato ciwon Down: ƙwayoyin gadon yaron 47 ne maimakon 46.

A 1935 Edgar Doll na makarantar Vineland a Amurka ya tsara ma'auni. Ba a yi wa yaron jarrabawa. Mai renonsa ake tambaya, ana ƙirga abin da yakan yi kullum.

Mu ma a Kakangi sai mu tambaya:

1. Yana cin tuwo da kansa?
2. Yana wanka, ya sa riga?
3. In an aike shi, yana isar da saƙo?
4. Yana faɗin sunansa, da na ubansa, da garinsu?

Ta huɗu ta fi nauyi, gama ƙasar Birnin Gwari ta sha gudun hijira. Yaron da ya rabu da iyayensa, sunan nan ne zai mai da shi gida.

Ku rubuta amsoshin. Ku koya masa abu ɗaya ɗaya da haƙuri, bayan wata 6 ku sake aunawa. Da jiyansa za ku gwada shi, kada ku gwada shi da ɗan maƙwabci.