Amsoshin Tambayoyinku: Fankar Golf ɗina ta daina tashi, in yarda a haɗa ta dairek?

Tambaya: Ina da Golf 3 da nake lodin buhuna da fasinja daga ƙauyenmu a ƙasar Dambatta zuwa kasuwar Dawanau. Tun da bazara ta kama, in ina kan kwalta ina gudu lafiya lau, amma da na tsaya a layin sauke kaya, ko na shiga yashi a hanyar gona, sai allurar zafi ta haye, ruwa ya fara tafasa. Na lura fanka ba ta tashi, kuma fis ya ƙone sau biyu. Mai wayarin na garinmu ya ce zai haɗa ta dairek da makulli, ya cire tamostat, a huta. In yarda? Daga wani mai karatu a ƙasar Dambatta.

Amsa: Kada ka yarda tukuna. Bayanin da ka yi ya riga ya rage mana rabin aiki. Motar da ke sanyi a kan gudu, ta ɗauki zafi a tsaye, iska ce ba ta ratsa lagiretonta. A kan hanyar Dambatta zuwa Kano gudu ne ke tura mata iska kyauta. A layin Dawanau kuwa, ko a yashin burtali inda kake tafiya da giya ta ɗaya da buhu goma a baya, babu mai yi mata fifita sai fanka. Da a kan gudu take zafi, da sai in ce ka fara zargin toshewar lagireto ko famfon ruwa.

Injin Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ita a 1991, a gicciye yake, don haka fankarsa ba bel ɗin inji ke juya ta ba kamar ta tsohuwar Fijo 504. Wuta ce ke juya ta. Wutar na tasowa daga batir, ta bi ta fis, ta isa wani ɗan makunni da aka ɗaura a gefen lagireto, kansa tsome a cikin ruwa. Masu gyara suna kiransa suwic ɗin fanka. In ruwa ya kai wajen digiri 95 sai ya haɗa wuta, fanka ta tashi a gudu na farko. In zafi ya ci gaba har ya haura 100, sai ya buɗe mata gudu na biyu, mai ƙara. Daga fanka wutar ta koma jikin mota ta wayar at, wadda a motocin Volkswagen launin ƙasa ce. Hanyar ke nan gaba ɗaya, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan tashoshi ciwon yake.

Kafin ka sa hannu, ka sani cewa fankar Golf tana iya tashi ko da makulli yana aljihunka, domin wutarta ba ta bi ta makulli. Ka bar inji ya huce, ka naɗe hannun riga, kada kuma ka buɗe murfin robar ruwa da zafi.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Duba ruwa. Suwic ɗin nan ruwa yake ji, ba tururi ba, kuma in ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale a ciki, zai yi shiru inji yana dahuwa. Sannan ka leƙa fuskar lagireto da tocila. Motar da ke shiga masussuka da kaka, ta sha ƙurar hunturu, za ka tarar ƙaiƙayi da ƙasa sun yi mata bargo a tsakanin haƙora. A wanke ta daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don kada haƙoran su lanƙwashe.

Yanzu fis. A yawancin Golf 3 shi ne na 19 a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, mai amfiya 30. Waɗanda suka zo da na'urar sanyaya ɗaki suna da wani baƙin akwati a ɗakin inji kusa da robar ruwa, shi ma da nasa fis a kansa, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Nan ne zancenka na ƙonewa sau biyu ya fi damuna. Fis ba ya ƙonewa don ganin dama. Ko dai wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kuma motar fankar ta yi nauyi tana jan wuta fiye da ƙa'ida. Cire kan batir, ka juya fankar da yatsa. Ya kamata ta juya sumul har ta ɗan ci gaba da kanta. In tana cijewa, ko tana ƙugi, ko tana girgiɗi, to boris ɗinta ya sha ƙura ya mutu. In fanka biyu gare ka, a wasu Golf 3 ɗaya ce ke da mota, ɗayar ɗan siririn bel ke janta, sai ka duba ita ma ba ta cije ba.

Na taɓa tsayawa a wata tasha ana kashe wuta a gaban wata Golf da ƙasa da ruwan leda. Da hayaƙi ya lafa, direban ya zaro fis ɗin fanka yana nuna wa mutane cewa ai bai ma ƙone ba. Ina zai ƙone? An naɗe ƙafafunsa biyu da zaren waya mai kauri. Wayoyin da ke bayansa ne suka ƙone a madadinsa, robarsu ta narke ta manne kamar alewa. Kuɗin fis guda ya ci masa wayarin ɗin gaba ɗaya.

In fanka na juyawa da hannu lafiya, mayar da kan batir, sa sabon fis, ka cire soket ɗin da ke kan suwic ɗin lagireto. Ramuka uku za ka gani. Da testa mai ƙwan fitila ka nemo wanda ke da wuta. In babu ko ɗaya, wutar ta yanke tsakanin batir da nan, sai a bi waya. In akwai, ɗauki guntun waya ka haɗa ramin mai wuta da ɗaya daga cikin sauran biyun, sannan da ɗayan. Fanka ta tashi a hankali a ɗaya, da ƙarfi a ɗayan? To fanka lafiya, waya lafiya, suwic ne ya mutu, kuma abu ne da za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ka je da tsohon a hannu, domin ana rubuta digirinsa a jikinsa, ka karɓi mai lamba iri ɗaya. In gudu mai ƙarfi kaɗai ya tashi, abin da ke rage wuta don gudu na farko ne ya ƙone. Irin wannan motar sai allura ta yi nisa fankarta ke farkawa, mai ita ya yi ta zaton haka halinta yake.

In duka biyun shiru, ka kai wa fankar wuta kai tsaye daga batir da waya mai fis, ɗaya wayar kuma zuwa kan batir na at. Ta tashi? Laifin yana cikin waya, ko soket, ko at. Ba ta tashi ba, ko sai an ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukundireba? Burushinta ya cinye. Mai wayarin da ya san aikinsa zai iya sa mata sabo, in kuma cikinta ya yi baƙi yana warin ƙuna, ka nemi 'yar Beljiyam a gwada maka ita a kan batir kafin ka biya. Wayar at kuma kada a raina ta. Sau da yawa tsatsa ce kawai a inda aka ɗaure ta da jikin mota, a goge da samfefa a ƙara ɗaurewa, magana ta ƙare.

Sai maganar dairek. Na san dalilin da ya sa masu gyara suke son ta: aikin minti goma ne, kuma mai mota ba zai dawo gobe da ƙorafin zafi ba. Amma lissafa. Motar fanka mai wat 250 tana jan wajen amfiya 20, lokacin tashi ma fiye da haka. In aka rataya wannan kaya a kan makulli, da siririyar wayar da ta fi dacewa da lasifikar rediyo, makullin zai riƙa zafi har ya ƙone, wayar ta narke. Fankar da aka yi don ta yi aiki ta huta za ta koma juyawa daga Dambatta har Kano, burushinta ya ƙare da wuri, altaneta kuma ta yi ta ɗaukar nauyin banza. Mafi muni, in nauyin motar fanka ne ke ƙona fis ɗinka, dairek bai warkar da komai ba, ya dai cire mai gadi ne.

Tamostat ma a bar shi. Ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, kamar yadda ake faɗa a gareji. Yana buɗewa a wajen digiri 87 don ya riƙe inji a zafin da ya fi yi masa daɗi. In an cire shi, da asubar hunturu inji zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, ya ƙara cin kansa. In ana zarginsa, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa lau.

To in tsohon wayarin ya lalace fa, beraye sun ci, ko masu gyara goma sun yi masa ɗinki goma? Sai a ja sabon layi, amma da rile. Sayi rile mai ƙafa huɗu na amfiya 40, za ka ga lambobi a ƙarƙashinsa: 30, 85, 86, 87. Daga kan batir mai wuta a ja waya mai kauri, milimita 2.5 ko 4, a sa mata fis na amfiya 30 dab da batir, kamar taƙi guda, a kai ta ƙafa ta 30. Daga 87 a ja irin wannan wayar zuwa fanka, a ƙafar gudu mai ƙarfi. Ƙafa ta 86 ta sami wuta ta ƙaramin fis na amfiya 5. Ƙafa ta 85 ta tafi suwic ɗin lagireto, daga suwic kuma zuwa jikin mota. Da haka suwic ba ya ɗaukar nauyi, umarni kawai yake bayarwa, rile ne ke dakon wuta. In daga batir aka ɗauko wutar 86, fanka za ta ci gaba da juyawa kaɗan bayan ka kashe mota, yadda kamfani ya tsara, in daga makulli ne kuwa za ta tsaya tare da inji. Ni na fi son na farko, don zafi kan ƙara hawa a mintocin da ke biyo bayan kashe inji. Tsofaffin wayoyin a yanke a rufe bakinsu, sababbin a sa su cikin tiyo, a ɗaure nesa da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi. Haɗin murɗe da salatif ba ya jure wa gargadar hanyoyinmu, a matse da kan waya ko a yi masa dalma.

In kana son makunni a dashbod saboda ranar da za ka shiga yashi da lodi, babu laifi. A ja shi daga ƙafa ta 85 zuwa jikin mota, ya zama ƙari a kan suwic ɗin lagireto. Kada ya zama shi kaɗai, domin ranar da hira da fasinja ta yi daɗi za ka manta, ka biya da gaskit.

Bayan an gama, gwada abu biyu kafin ka bar garejin. Sa guntun takarda a gaban lagireto lokacin da fanka ke juyawa. Ya kamata ta manne, alamar iska na shiga ciki. In ta ture takardar, an juya wayoyi, fanka na busawa waje tana faɗa da iskar gudu. Sannan ka bar motar a kunne a tsaye, ka zauna ka jira. Allura ta hau ta ɗan wuce 90, fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya da kanta. Ka ga haka sau biyu da idonka, sannan ka biya kuɗin aiki.

Ruwan rijiya kuma ka rage zuba mata, yana barin farin dutse a cikin lagireto da kan suwic. A sa ruwan lagireto na gaskiya, a duba murfin robar ruwa, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya haura digiri 120. In bayan duk wannan kana ganin kumfa na tasowa a robar ruwa, ko ruwa na raguwa ba tare da yoyo ba, to tafasar da ta yi a baya ta riga ta taɓa gaskit, ka kai ta wurin bakanike kafin ka sake yi mata lodi. Allah ya tsare hanya, Malam, ya ba da kasuwa.