FARILLAR DA MUKA BARI: ƊIYANMU MATA DA ZAƁEN FANNIN KARATU

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, yaranmu da suka ci sukan tsaya a mararraba. A lise akwai fannin A na adabi da harsuna, akwai C na lissafi da kimiyya, akwai D na lissafi da ilmin halittu, wanda ta nan ne mafi yawan masu karatun likitanci ke bi. Abin da muka lura a unguwanninmu shi ne, ana tura ɗa namiji wajen kimiyya, ɗiya mace kuwa a ce ta ɗauki A, wai lissafi ya fi ƙarfin kanta, kuma ai aure za ta yi.

Mu duba wannan magana a ma'aunin Shari'a. Imamul Gazali ya bayyana cikin Ihya'u cewa ilmin likitanci da na lissafi farilla ce ta kifaya: idan wasu sun ɗauka ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari laifi ya hau kan al'umma duka. Sau da yawa magidanci ya zo mana yana kukan cewa ya kai iyalinsa asibiti, namiji ne ya duba ta. Wani ma yakan hana ta zuwa har naƙuda ta yi tsanani. Lalura ta halatta namiji ya duba ta, kuma hana ta zunubi ne. Amma idan muka tambayi mai kukan ina ɗiyarsa, sai ya ce ya cire ta daga lakwal. To, wa zai haifa mana likita mace?

Magabata ba su yi haka ba. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Manyan sahabbai sukan tambayi Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, mas'alolin gado, kuma gado lissafi ne: rabi, rubu'i, sumuni, sudusi.

Haka nan batun harshe. Larabci shi ne mabuɗin addini, ba mu yarda yaro ya sake shi ba. Amma Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin wasiƙu. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu wanda aka haifa a Maratta, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki; da Faransanci ake karatun likitanci a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Tun madarsar Sayi ta 1957 ake haɗa Larabci da Faransanci a ƙasar nan, saboda haka ba sai yarinya ta bar ɗaya don ɗaya ba.

Nasiharmu guda uku ce. Na farko, uba ya je makaranta da ƙafarsa, ya ga makin ɗiyarsa, ya ji shawarar malamanta kafin a yi zaɓe. Na biyu, a rage mata talla da aikin gida, domin lissafi yana son zama da maimaici. Na uku, idan manemi ya fito, a sa ƙare karatu cikin sharuɗɗa gaban shaidu. Wadda Allah Ya ba ta basirar harsuna ta bi A da alfahari, muna bukatar malamai mata; wadda Ya ba ta lissafi kada a tare mata hanya.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani. Amin.